Igiyar Waifa a Hanyar Ngong

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har tabarau nakan nema alhali yana kan hancina, amma ranar da motarmu ta kife a hanyar Ngong ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ba kifewar ce ta fi tsaya mini ba ma, abin da bakina ya faɗa kafin ta kife ne, da abin da ya ƙi faɗa bayan ta kife.

A lokacin ina da ƙuruciyata, ina sana'ar da na gada wajen mahaifina: in sayo gyada a kasuwar Ngong in kawo Garwa in sayar. Ni mutum ne mai gaggawa tun fil azal. Mahaifiyata takan ce ko haihuwata ban jira ungozoma ba. Ranar nan tsakiyar damina ce, na ɗaure buhunana a saman wata motar haya, tamfol ɗin da aka rufa musu duk ya yayyage. Direban ɗan unguwarmu ne a Jambutu, ƙanin abokina, Yaya yake ce mini. Don haka ni na samu kujerar gaba.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, kafin la'asar ruwa ya ɓarke kamar ana juye tulu. Waifar motar, wato abin share ruwa a gilashi, ta daɗe da mutuwa. Dabarar da direban ya yi ita ce ya ɗaura mata igiya biyu, ɗaya ta shigo ta tagarsa, ɗaya ta tawa. Ya ja, in ja, ya ja, in ja. Da farko har dariya muke yi, fasinjoji suna ba mu kiɗa da tafi. Da ruwan ya ƙara ƙarfi sai dariya ta ɗauke, domin hannunsa ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na kan igiya, kuma ba ma ganin ko tsawon mota biyu a gabanmu.

Ya rage gudu, ya ce, "Yaya, bari mu tsaya a gindin bishiyar can har ya tsagaita."

Ni kuwa gyadata kawai nake gani tana shan ruwa. Na ce, "Tsaya me? In gyadar nan ta jiƙa ta yi funfuna kai za ka saye ta? Wannan ɗan yayyafin ne zai tsayar da kai? Ashe dai ba ka iya tuƙi ba. Taka mu tafi!"

Na san inda na taɓa shi. Matashi ne, ga mutane cike da mota. Sai ya taka. A wata kwana igiyarsa ta tsinke, ya kai ido wajenta, motar ta zame ta gangara, ta kwanta a gefenta cikin gonar masara.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ni ƙujewa kawai na yi a gwiwar hannu, saura ma haka, ban da wani dattijo Bafulatani, tela a unguwar Pumpumre, wanda yake zaune daidai bayana. Kujera ta danne masa ƙafar dama, ta karye wuri biyu. Muna fito da shi cikin taɓo yana salati, bai ko yi ihu ba.

Da jandarmomi suka zo ɗaukar bayani, kowa abu ɗaya ya faɗa: ruwa ne, ƙaddara ce. Direban ya riga ya kwance igiyoyin ya cusa a aljihu, a kan idona. Da aka zo kaina, tunda ni na yi makarantar boko ina jin Faransanci, ni na fi kowa tsara magana. Na ce direba yana tafiya a hankali, motarsa lafiya lau, santsi ne ya kwashe mu. Na sa hannu, na koma wajen gyadata. Har yau in na tuna saurin da na yi wajen sa hannun nan, kunya takan kama ni.

Telan ya yi kwanaki a asibiti. Likita ya ce karayar sai da tiyata, a sa ƙarfe, kuma aikin ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Aka mai da shi gida, maɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Ƙashin bai kama daidai ba. Tela kuwa da ƙafa yake cin abinci, in bai taka keken ɗinki ba tukunya ba ta hawa wuta. Abin da ya rage masa shi ne kamfanin inshorar motar, asirans kamar yadda muke cewa a nan, su biya kuɗin aikin.

Na shiga zuwa duba shi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da goro da sukari, wani lokaci da tsire. Ina shiga zai gyara kwanciya ya ce, "Useko, na gode, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Duk waɗanda muka shiga motar nan kai kaɗai ne ba ka manta da ni ba." Kekensa na gefe an rufa masa zane, matarsa tana ƙulla gyada soyayya a leda don saidawa a ƙofar gida. In ya sa mini albarka sai in ji goron bakina ya ƙara ɗaci. Duk da haka nakan fito ina lallashin kaina cewa ai na yi abin kirki.

Wata Juma'a na tarar takarda ta zo daga asirans. Matar ta miƙo mini ta ce, "Kai da ka iya nasaranci, karanta mana." Na buɗe na soma fassarawa. Sun ce ba za su biya ba. Ba a sami laifin direba ba, ba a sami matsala a mota ba, ruwan sama ne da ba wanda ya isa ya hana shi. Kuma sun kafa hujja da shaidar fasinjan da ke zaune a gaba, wanda ya fi kowa ganin abin da ya faru. Da bakina na karanta musu wannan layi.

Matar ta sa gefen mayafi ta share ido. Telan ya ce, "To, Alhamdulillahi. Haka Allah ya so." Ya dube ni ya ce in ɗauki goro. Ban iya ɗauka ba.

Daga nan tasha na wuce kai tsaye. Na sami direban yana wanke mota, na ja shi gefe na gaya masa abin da ke cikin takardar. Na ce zan koma wajen jandarma in canja bayanina, amma na san shi abin zai fi shafa, za su iya karɓe masa permi, wato lasin tuƙi, mai motar kuma ya kore shi.

Ya daɗe yana matse tsumma. Can ya ce, "Yaya, ni fa na ce mu tsaya."

Na ce, "Ka ce. Ni na hana, kuma haka zan faɗa musu."

Ya ce, "Amma sitiyarin a hannuna yake, ba a hannunka ba. Tun ranar nan ban sake bi ta Pumpumre ba, zagaye nake yi. Jira ni in sa riga, tare za mu je."

Babban jandarman da ya karɓe mu ya cire tabarau ya ƙare mana kallo. Ya ce shi tun da ya fara aiki mutane zuwa suke a goge musu laifi, bai taɓa ganin waɗanda suka zo a rubuta musu ba. Ya wanke ni tas a kan shaidar ƙarya, ya ce da ya ga dama da a ɗakin baya zan kwana a kulle. Na sunkuyar da kai na sha faɗa, domin na ci a yi mini. Sannan ya jawo keken rubutu ya ce mu fara daga farko. Na faɗi komai, har da "ashe ba ka iya tuƙi ba". Da na zo kan igiya sai da ya dakata da bugawa ya ce in maimaita, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji.

Abin da muka ji tsoro ya faru. An riƙe permin direban na wasu watanni, mai mota ya sallame shi, shi ma mai motar ya sha tambayoyi a kan waifa. Yayansa, abokina, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Na ɗauki direban ya zauna mini a shago har aka mayar masa da takardarsa, kuma in faɗi gaskiya, ya fi ni iya awo da haƙuri da masu ciniki. Su kuwa asirans sun ja mu, yau je ka dawo, gobe babu shugaba, na gama takalmi guda a hanyar ofishinsu. A ƙarshe dai sun biya. Aka sake karya ƙafar aka gyara, aka sa ƙarfe.

Kafin wata damina telan ya koma kan kekensa. Yana ɗan ɗingishi, amma in ya taka keken nan har bakin titi ana jin ƙararsa. Ranar da na je na same shi yana ɗinki, daɗi ya cika ni har na zauna a benci ina murmushi ni kaɗai. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina.

"Baba, ranar nan a mota, ka ji abin da na ce wa direba?"

Bai daina taka keke ba. Ya ce, "A bayanka fa nake zaune, ɗana. Ƙafata ce ta karye, ba kunnena ba."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa jandarma? Me ya hana ka faɗa mini, duk zuwan da nake yi?"

Sai ya tsai da keken, ya ciji zare. Ya ce, "In na faɗa, na kunyata ka a gaban mutane, sai ka musanta, shi kenan na rasa ƙafa na rasa ka. Na ga kana zuwa duk Juma'a ba ka iya haɗa ido da ni. Na ce wa matata, a bar yaron nan, zai kai kansa."

Mun yi shekaru muna zumunci da shi har Allah ya karɓi abinsa, shi ya ɗinka rigunan sunan 'ya'yana uku. Direban nan yanzu motocinsa biyu, kuma hadari na haɗowa yake neman gefen hanya, ko wa ya ɗauko.

Abin da na koya shi ne, ruwa dai Allah ne ya saukar, amma ba ruwa ne ya ce a taka mota ba, ni ne. Da sauƙi mutum ya ce ƙaddara ce in ƙafar wani ce ta karye. Kuma duk goron da na kai wa dattijon nan bai kai nauyin magana ɗaya ta gaskiya da na hana shi ba. Tun daga ranar, in na yi kuskure ba na jira a zo nemana, da ƙafata nake zuwa in faɗa.