Babbar Rigar Baba a Ƙofar Kabuga

Ko tsufa ya sa na manta sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta wata Juma'a da Babanmu ya goya ni a keke daga Madabo zuwa gidan Goggona a bayan Ƙofar Kabuga. Lokacin ina firamare, 'yar ficiciya, sai surutu kamar rediyo.

Babanmu malamin makaranta ne, ga son tsafta, ga son girma. Bai taɓa fita ran Juma'a babu babbar riga ba. Ranar ma sabuwar shadda ya sa, ta sha sitaci ta sha bugu, sai ƙyalli da santsi. Ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya ɗora ni a kariya.

"Malam, ka rage rigar nan mana," in ji Innarmu daga zaure. "Keke fa za ka hau, ga yarinya."

"Ke dai yi mana addu'a," ya ce, ya taka feda.

Lafiya lau muka ratsa lunguna har muka hau kwalta. Muna isa Kabuga muka tarar an sauko daga masallaci, titi ya cika maƙil. Wani mai adaidaita ya tsaya cak a gabanmu, ko sigina babu, ga tifa ɗauke da yashi a gefenmu tana tafe. Daidai nan hannun rigar Baba na hagu ya zame daga kafaɗa, ya lulluɓe kan keken. Ya damƙa, shadda ya damƙo, birkin baya ya kuɓuce masa. Na gaba kaɗai ya matse da dukkan ƙarfinsa.

Wayyo Allah! Ji na yi tayar baya ta ɗaga, na tashi sama, sai ga ni tim a kan kwalta. Na buɗe ido, tayar tifa na gani tana nufo kaina, ta fi ni tsawo. Ko kuka na kasa. Mutane suka ɗauki salati, wani mai rake yana dukan ƙofar motar yana ihu, "Direba tsaya! Yarinya! Yarinya a ƙasa!"

Ta tsaya. Wallahi ina jin zafin robar a kumatuna, gefen hijabina kuwa yana ƙarƙashinta, sai yage shi aka yi aka janyo ni.

Baba ya rarrafo, gwiwarsa na jini. Ya shafa kaina, ya shafa hannuwana. Sai ya miƙe, a tsakiyar titi, a gaban ɗalibansa da duk wanda ya san shi, ya tuɓe babbar rigar ya jefar a ƙasa. Mutumin da ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa gani babu hula ba, ga shi tsaye daga shi sai singileti, yana hawaye. Wannan ya fi tifar gigita ni.

Har ya bar duniya bai sake hawa keke da babbar riga ba. Ninke ta yake yi ya ɗaure a kariya, sai a ƙofar masallaci ya zura.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, birki komai kyansa banza ne in hannu bai same shi ba, kuma na gaba shi kaɗai kifar da mutum yake yi. Yanzu in ɗana zai fita da keke, sai na sa ya matse duka biyun a gabana, na kuma duba rigarsa. Yana ƙunƙuni wai na cika tsoro. Eh, na ji, ina da tsoro. Ni na kwanta a ƙarƙashin tayar nan, ba shi ba.