Koren Zare a Ƙafar Talotalo

Saura kwana shida Kirsimeti, ina shagona a unguwar Wunti ina ɗinka wa wata riga aljihu, wayata ta yi ƙara. Zubaida ce, babbar 'yar abokina Ɗanlarai. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana.

"Baba Ashiru, Baba ya cika."

Na ce wane Baban? Ta ce ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a kan tabarma ya ce a ba shi ruwa, kafin ta kawo ya kwanta. Na yi ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ƙafata na kan keken ɗinki, na kasa ɗauke ta. A gabana, kan tebur, ga dunƙulen koren zaren da na ajiye masa tun jiya.

Ni ba marubuci ba ne, tela ne, firamare na gama. Amma akwai maganar da aka daɗe ana yi a kan mutumin nan, kuma ni na fi kowa sanin ƙarya ce. Na taɓa yin shiru sau ɗaya. Ba zan ƙara ba.

Tare muka yi makarantar allo da Ɗanlarai, a zaure ɗaya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya sai an waiwayo daga layi na uku. Shekara talatin da ɗoriya yana yankan kaji da figa a Kasuwar Muda Lawal. Wuƙaƙensa biyu ne, da dutsen washi da ya loɓa a tsakiya saboda daɗewa. Ba ya yanka tsuntsu sai ya ba shi ruwa, kuma ba ya bari ɗaya ya ga yankan ɗan'uwansa. In mai saye ya ce yana sauri, sai ya ce, "Alhaji, ga wani can mai sauri, je ka wurinsa." Mutane su yi tsaki, su tsaya su jira.

A kasuwar ya san Madam Ifeyinwa, wadda kowa ke kira Maman Kosi. A unguwar Ɗan Iya take zaune, sana'arta dafa abincin biki da na taron ma'aikata. Kirista ce, amma yawancin masu cin abincinta Musulmi ne, don haka ba ta yarda kowa ya yanka mata dabba sai Musulmi, cikin Musulmin ma sai Ɗanlarai. Ƙarshen shekara aikin ke yawa. Takan gasa talotalo sukutum, ta yanyanke tsokar da wuƙa ta jera a faranti, gangar jikin ta rage a kicin: ƙashin baya, wuya, haƙarƙari, ƙashin cinya.

Shekarar da matar Ɗanlarai, Halimatussa'adiyya, ta samu shanyewar ɓarin jiki, tauna ta gagare ta. Kowa Sadiya yake ce mata, shi kaɗai ke kiran sunan gaba ɗaya, ko da faɗa suke. Maman Kosi ta ji labari, ta ɗebo masa tsoka cike da kwano. Ya mayar mata, ya nuna ƙasusuwan da za ta zubar.

"Waɗancan nake so."

"Malam, wannan ba nama a jiki. Ka ɗauka mai kyau."

"Maman Kosi, wadda zan kai wa ba ta iya tauna. Ba ni ƙashin."

Daga nan romon ya faro. Na zauna kusa da shi sau ba adadi yana haɗawa. Sai ya farfasa manyan ƙasusuwan da bayan wuƙa don ɓargon ya fito, ya ɗan ɗora su a kan garwashi su yi ƙamshi, sannan ya zuba a tukunya da ruwan sanyi. Wutar kaɗan ce. Ba ya bari ya tafasa da ƙarfi, ya ce romo in ya fusata sai ya yi duhu. Yana zaune da ludayi yana kwashe kumfa, tun hantsi har la'asar. Albasa da ɓawonta, citta, tafarnuwa, masoro, kimba, kanumfari ƙwaya uku. Gishiri sai a ƙarshe. Sinadarin dunƙule kuwa ko kusa da tukunyar ba ya zuwa. Ya tace da matacin koko. In ya huce, sai ka ga yana rawa a cokali.

Halimatussa'adiyya ta sha romon nan shekara biyu kafin Allah Ya karɓe ta. Mun ɗauka shi ke nan. Sati uku bayan rasuwar, sai ga shi da filas a hannu zai kai wa wata tsohuwa a bayan layinmu. Ya ce hannunsa ya saba. Daga baya filas ɗin suka zama bakwai. Duk gidan da aka yi wa wani aiki a asibiti, ko mai jego ta kasa cin abinci, ko tsoho ya daina haɗiyar tuwo, za ka ji sallamarsa a ƙofa.

Zaren kuwa tun farko ya zo shagona ya nema. Ya ce yana son na auduga, mai kauri, wanda wuta ba za ta narkar ba. Duk talotalon da ya yanka, in ya fige, sai ya ƙulla koren zare a ƙarshen ƙashin cinya, ƙulli uku. A gasa da shi, a yanke tsokar, zaren na nan a jikin ƙashi. Ya ce ba don yana zargin Maman Kosi ba, don in ya ce wa marar lafiya "sha, ni na yanka," ya zama ya ga shaida da idonsa. Ita ma ta so abin. Gangar da babu zare a jikinta ba ta taɓa sa masa a kular abinci ba.

Shekara shida da suka wuce aka yi wa matata Khairat aiki a ciki. Ta dawo gida, duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Kwana huɗu ruwa kaɗai take kurɓa, idanunta sun faɗa. Washegarin Kirsimeti ne, Ɗanlarai ya kawo jan filas. A zaure ya tarar da yayanta, Alhaji Nasiruddeen, da wasu 'yan dubiya. Bayan ya fita, Alhaji ya dubi filas ɗin ya ce, "Wannan ne romon gidan Kiristan? Ragowar abincin bikinsu? Wa ya san wanda ya yanka? Ashiru, mushe za ka ɗura wa ƙanwata?"

Ni na san wanda ya yanka. Zarena ne a ƙafar tsuntsun. Amma mutum biyar na kallona, Alhaji kuma surukina ne, babba, mai faɗa a ji. Bakina ya mutu. Da yamma na ɗauki filas ɗin cike, na kai gidan Ɗanlarai, na ajiye a bakin ƙofa, na juyo ban yi sallama ba.

Kafin kwana biyu maganar ta zagaya unguwa, ta shiga kasuwa. Filas huɗu aka mayar masa. Wasu da suka shekara ashirin suna ba shi yanka suka koma wurin wani. Abokan sana'arsa suka taru suka ba shi shawara: ka daina zuwa Ɗan Iya, ko na shekara ɗaya ne, har ƙura ta lafa. Ya ce musu, "Matar nan ta nemi Musulmi ya yanka mata don ku ci halal. In na daina zuwa, na ce mata ta yi laifi ke nan. In kuma na daina romon, na ce abin da na shayar da Halimatussa'adiyya shekara biyu mushe ne. Wanne daga ciki kuke so in faɗa?"

Ana gobe sabuwar shekara ya fito da murhunsa daga tsakar gida, ya kafa shi a ƙofar gida, bakin hanya. Ya baza ƙasusuwan a faifai, kowace cinya da koren zarenta. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi da suna.

"Malam Bashir! Zo ka ga mushe! Matso mana, ba ya cizo, ni na yanka shi!"

Yara na dariya, manya na sunkuyar da kai suna ƙara sauri. Bai koma da murhun nan ciki ba har ya bar duniya.

Da la'asar sai ga shi a shagona. Bai gaishe ni ba. Ya ajiye ƙashin cinya ɗaya a kan keken ɗinkina, kan shaddar mutane.

"Tela, zaren wa ye wannan?"

Na ce nawa ne.

"Ƙullin wa ye?"

Na ce naka ne.

"Khairat ta ci abinci?"

Na girgiza kai. Ya dangwara jan filas ɗin a gabana. "Ni ba zan shiga gidanka ba yau, don kada in haɗa ka da surukinka. Kai za ka kai mata da hannunka. Tashi."

Na tashi. Alhaji na zaure na wuce shi. Khairat ta sha cokali uku, romon ya zauna a cikinta. Bayan magariba ta sha rabin kofi. Ban ce romo ne ya warkar da ita ba, Allah ne Ya warkar, likitoci kuma sun yi nasu. Amma shi ne abu na farko da cikinta ya karɓa, ina riƙe da kofin.

Wasu gidajen sun dawo karɓa, wasu har yau ba su dawo ba. Bai taɓa bin kowa ya roƙa ba. Ni kuma bai taɓa tayar mini da maganar filas ɗin da na ajiye masa a ƙofa ba. Shekara shida muna cin goro tare, abin na cina a rai.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gidansa, murhun na gefe da tokarsa. Maman Kosi ta zo da mayafi a kanta, ta shiga wurin mata, muna jin kukanta daga waje. Alhaji Nasiruddeen ya yi gyaran murya ya ce, "Allah Ya jiƙan Ɗanlarai. Mutumin kirki ne, sai dai abin nan da ya riƙa ba mutane, Allah Ya yafe masa."

Na ji muryata ta fito kafin in yi shawara da kaina. Na ce, "Yaya Alhaji, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma a kan romon nan Ɗanlarai ba shi da abin da za a yafe masa. Da bismillah ya yanka kowane talotalo, yana duban alƙibla, zarena ne a ƙafarsu. Ƙanwarka da romon nan ta tashi. Ni da na sani na yi shiru, ni ke neman yafiya." Na ƙara da cewa, "Kuma gobe zan je Ɗan Iya. Duk mai son ya ga yanka ya biyo ni."

Ba wanda ya biyo ni. Zubaida ta ba ni wuƙaƙen da dutsen washin. Talotalo tara ne ke jira a bayan gidan Maman Kosi. Na ba kowanne ruwa, na kai shi bayan katanga shi kaɗai. Hannuna na tela ne, na farkon sai da na yi ta addu'a. Maman Kosi na tsaye tana riƙe da zaren tana yanko mini, ta ce, "Ƙulli uku, Baba Tela. Malam uku yake yi."

Washegarin Kirsimeti na hura wuta a ƙofar gidansa, a inda ya bar murhun. Khairat ce ta kwashe kumfar, don ni na cika wutar har romon ya so ya yi duhu. Bai kai nasa ba. Filas bakwai muka cika, biyu aka mayar. Za mu sake kai musu.

Ana jibi Ɗanlarai zai rasu ya biyo shagona da yamma, ya zauna a kan bencin da ya saba, ya ce zarensa ya kusa ƙarewa. Na ce sai gobe zan shiga Muda Lawal in sayo. Muka raba goro. Ban san abin da ya taɓa ni ba a ranar, sai na ji na ce, "Ɗanlarai, filas ɗin nan da na mayar maka. Ka yafe mini."

Ya dube ni yana tauna. "Wane filas?"

"Ka sani."

"Ni ban san wani filas ba." Ya tofar da ɓawon goro, ya miƙe yana kaɗe riga. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ja ne, murfinsa ya tsage. Kuma a rana ka ajiye shi, mutumin banza, ko inuwa ba ka nema masa ba."

Ya yi dariyar nan tasa har maƙwabcina ya leƙo. Ni hawaye ne ya cika mini ido.

Na ce, "Ka yafe ko ba ka yafe ba?"

Ya ce, "Tun ranar da ka wuce Alhaji a zaure. Kai dai ka sayo mai kauri, Tela. Na bara ya cika tsinkewa."

Na ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ya ce, "Amin."