Kawu Maliki da Shanun da Ya Killace

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Agusta, ina kwance ina karanta littafin soyayya, mijina Kalilu ya shigo ya ce Allah Ya yi maka rasuwa a Unguwar Lalle. Kawu Maliki, tun ranar ban sake buɗe littafi ba.

Kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. In ka dawo daga kasuwar garin Isa, sai ka miƙo mini sabon littafi kana tsokanata: “Halimat, ga mazajenki na takarda.”

Da cutar ƙurajen fata ta shigo wa shanu a daminar nan, kai ka fara ware naka masu ciwo a bayan gari. Ka hana su shan ruwa a tafkin jama'a, kana yi musu hayaƙi saboda ƙudaje da sauro masu yaɗa ta. Ka ɗauko mai allurar rigakafi a babur ɗinka, ka zagaya da shi garken maƙwabta kafin naka.

Ranar sadakar ukunka na zagaya bayan gari ɗebo itace. Na tarar da ɗanka Hussaini da Kalilu suna shafa wa shanun nan baƙin mai da laka don su ɓoye ƙurajen. Ruwa na tsiyaya daga gyambon, ƙudaje sun yi baƙi a kai.

Na ce, “Yaya Hussaini, mene ne haka?”

Ya ce, “Kasuwa za su ranar kasuwa. Kafin mai saye ya farga sun ƙetare iyaka.”

Kalilu ya yi dariya ya ce, “Uwargida, koma wajen littafinki.”

Wannan ne mutumin da nake kwatantawa da jaruman da nake karantawa. Tabarmin masu gaisuwa ma ba a naɗe ba, suna shirin kai cutar garken wani bawan Allah. Tir.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Bara'atu, matarka, da dukan dangi. Allah Ya ba mu haƙuri.

Na gaya wa Kalilu a gaban idonsa abin da zan yi. Gobe za ni Sabon Birni wajen likitan dabbobi, in faɗa masa inda shanun suke kafin ranar kasuwa.