Ɗakin da Inna ta yaɓe

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, ita ta goya ni, ita ke tsokanata da mijinta raggo. In Inna tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce wa ƙanwata, "Ce ma wancan babu ruwa randa." Ni kuwa ina tsaye kusa da ita, har ina jin ƙamshin daddawar da ke hannunta.

Na san kunya ce. A ƙauyenmu, can bayan Tamaske, kowa haka ya tashi ya tarar. Amma sauran mata sukan sassauta in yaro ya fara gemu, tawa kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Da kakata ta rasu sai gidan ya yi mini faɗi. Na gina ɗan ɗakina a bakin zaure, ina shiga ina fita kamar baƙo. Shekarar da gero ya ƙone a gona na ɗaure kayana zan tafi cin rani. Baba ya raka ni bakin hanya, ƙanwata ta yi kuka. Inna tana daka, kuma ko sau ɗaya taɓaryar ba ta tsaya ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, na tafi da shi a zuciya.

Na yada zango a Wagadugu, na kafa teburin tsire. Ƴan garinmu suna komawa gida duk damina, ni ban koma ba. Sukan dawo mini da gaisuwar Baba da ta ƙanwata. Ta Inna ban taɓa ji ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na riga na yanke cewa babu mai jirana a gidan nan.

A garin akwai bikin sinima da ake yi, mutane su zo daga ƙasashe, baƙaƙe da farare, kowa da kati rataye a wuya. Mu masu tsire kakarmu ke nan, sai na ja teburina zuwa ƙofar wani gidan sinima. Manyan fina-finai da yamma ake nuna su, layi har bakin titi. Ƙananan kuwa, waɗanda mutum ya yi da ƙarfin kansa, sai a tura su tsakar rana, lokacin da mai hankali yake neman inuwa.

A irin wannan rana wani siririn mutum ya tsaya gabana, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ji ina faɗa da mai shayin da ke gefena, sai ya ce, da Hausarsa ta mutanen Yamai, "Kai Ba'adare ne?"

Na ce, "Mi ya nuna?"

Ya yi dariya ya ce bakina. Ya ce ya yi rani guda a Adar da kamarar aro, ba kamfani, ba gwamnati, yana ɗaukar matan da mazansu suka tafi cin rani. Yanzu za a nuna fim ɗin, kuma yana tsoron kujeru kawai za su kalla. "Zo ka cika mini ɗaya," in ji shi. Gaskiya fankar da ke ciki ce ta ja ni. Na bar wa mai shayi tebur na bi shi.

Ba mu da yawa a ciki. Aka kashe wuta, sai ga duwatsunmu baƙaƙe a jikin farin ƙyalle, ga mata a jere da duwatsu a ka, suna jera su a gangare don su tare ruwa. Sauran mutane suna karanta Faransanci a ƙasan hoton, ni kuwa maganar tana shiga kunnena kai tsaye. Na gane kasuwar Tamaske. Can kuma sai na ga rijiyar ƙauyenmu, da gawon da ke kanta, na gyara zama.

Muryar mutumin tana tambayar mata ɗaya bayan ɗaya, wa ya tafi daga gidanki. Wannan ta ce maigida, waccan ta lissafa ƴaƴa. Sai kamara ta tsaya a kan Inna. Ta rame. Ya yi mata tambayar, ta kau da kai ta ja mayafi. Wata maƙwabciyarmu ta sa baki tana dariya, "Ɗan hwarinta na. Ko yanka ta za ka yi, ba ta hwaɗi."

Na ce a raina, to, ga ta nan yadda na bar ta.

Amma mutumin bai tafi ba. Hoto na gaba zaurenmu ne, da ɗakina. Inna ce a kan tsani, zane ɗaure a ƙugu, ƙanwata tana miƙa mata kwaɓaɓɓiyar ƙasa, tana yaɓe bangon da hannunta. Aikin maza ne, kuma ban taɓa ganin ta hau ko turmi ba.

Ya ce, "Inna, ɗakin wa ne?"

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na wani na."

"Yana ina?"

"Ya yi tahiya."

"In bai zo bana ba fa?"

Ta daɗe tana shafa wuri ɗaya. Sannan ta ce, "Bara ma na yaɓe shi. In ɗaki ya hwaɗi, mai shi in ya zaka, ina za shi aje kaya nai?" Ta goge fuska da damtse, ƙasa ta shafe mata kumatu.

Ban ga sauran fim ɗin ba, idona bai bar ni ba. Da aka kunna wuta wata Baturiya ta tambaya ko me ya sa tsohuwar nan ba ta son ambaton ɗanta. Mutumin ya yi ta bayani da Faransanci, ni ina zaune a baya na rufe fuska da hula. A waje na naɗe masa tsire mai zafi, na ce, "Ɗakina na." Ya tsaya yana kallona, ya riƙe hannuna. Na ji an ce fim ɗin bai ci kyauta ba. Ban sake ganinsa ba, amma har yau in na idar da salla ina sa shi a addu'a. Da ya kashe kamarar nan lokacin da Inna ta kau da kai, da wataƙila a Wagadugu zan tsufa.

Na isa gida kafin ruwan shuka. Na yi sallama, na tarar da ita tana daka. Taɓaryar ta tsaya a sama, ɗan kaɗan, sannan ta ci gaba. Ta dubi bango ta ce wa ƙanwata, "Ce ma wancan ɗaki nai a share shike."

Na shiga na ajiye kayana. Da na fito na dubi bangon, duk sawun yatsunta ne, sabon yaɓe a kan tsoho. Ban taɓa gaya mata na gan ta a kan tsani ba, don kunya za ta kashe ta. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni kuma tun daga ranar ban sake jiran ta kira ba.