Batakarin Muftahu

Muftahu mai gyaran fanka ne a unguwar Maamobi. Gida ɗaya muke haya, shi da tsohuwarsa Alima. Bayan gidan akwai wata buɗaɗɗiyar kwata, duk damina sai ta cika ta shigo mana, kuma ɗakin Alima take fara gaisarwa, don shi ne a gangare. Da hadari ya haɗu, tsohuwar takan ɗora katifarta a kan tebur.

Burin Muftahu a duniya bai wuce a rufe kwatar nan ba. Ya je taro, ya bi 'yan unguwa ofis-ofis har ya gaji, sai ya koma wasan kwaikwayo. Duk shekarar zaɓe, ranar Lahadi bayan la'asar, yakan ajiye kujera a filin ƙwallo, ya sa wani faffaɗan batakari, rigar saƙi, da ya saya a gwanjo, ya cusa matashi a ciki, ya zama Onarabul. Tafiyar agwagwa, hannu ɗaya a sama, yana rantsuwa zai shimfiɗa wa kwata tayil, ya kuma sa mata fanka. Ni da ba na son hayaniya ma, sai na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Amma yana da wani hali da yake ɓata wa 'yan kallo rai. Daidai lokacin da dariya ta yi daɗi, sai ya tsaya cak, ya zare matashin, ya cire batakarin ya rataye a kujera, ya zo ya zauna a benci cikinmu daga shi sai singileti.

"Ni ne Muftahu mai fanka," zai ce. "Ga Onarabul can a kujera, riga ne kawai. To, wa ya ba shi ƙuri'a wancan karo?"

Ya taɓa gaya mini ba ya so mu nutse cikin wasan mu manta ƙafafunmu a ruwa suke. So yake mu ji kunya, mu koma gida da fushi. Mutane kuwa sai guna-guni. Maƙwabcinmu Kadiri, direban motar haya da muke kira trotro, ya fi kowa baki. "Cale, abokina, sa rigan ka ci gaba," yakan ce. "Wa'azi muna da shi a masallaci."

A zaɓen da ya wuce, ɗan takarar da yake yi mana alkawarin kwatar tun Alima tana da ƙarfinta ya ji labari, ya zo kallo da kansa. Muftahu ya yi murna, ya ce yau za a yi ta ido da ido. Ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba, mutumin kuma ya fi kowa dariya, har da share hawaye. Da lokaci ya yi, Muftahu ya cire riga ya rataye, ya zauna a benci, ya buɗe baki zai yi tambayarsa.

Sai mutumin ya miƙe, ya ɗauki batakarin ya zura. Bai nemi matashi ba, nasa tumbin ya ishe shi. Ya ɗaga hannu, ya yi tafiyar agwagwa, ya rantse zai sa wa kwata fanka. Fili ya ruɗe. Mata suna guɗa, Kadiri da abokansa suka ɗauke shi a kafaɗa suka yi titi da shi. Na waiga na ga Muftahu shi kaɗai a benci, bakinsa yana motsi, ba mai jin sa. Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin mutanenmu ya fi na mutumin.

Batakarin bai dawo ba. Da shi mutumin ya ƙarasa yawon neman ƙuri'a, kuma ya ci zaɓe. Kowa yana yabonsa, wai mai sauƙin kai ne, yana ɗaukar wasa. Hotonsa cikin rigar har yanzu yana manne a bangon gidanmu, ɗan sama da shatin ruwan bara.

Muftahu bai ƙara wasa ba. Yana shagonsa yana kwance fankoki, magana ma ta yi masa wuya.

Daminar bana ruwa ya shigo da rana tsaka, ya riga mu kaiwa ga katifar. Muka ɗora Alima a kan teburin, muna kwarfe ɗakin da bokiti, sai ga Kadiri ya leƙo, wandonsa a naɗe, nasa ɗakin ma ya cika.

"Muftahu, yaushe za ka sake yin Onarabul? Wahala ya yi yawa paa, mutane na so su yi dariya."

Muftahu ya ci gaba da kwarfar ruwa. Alima ce ta amsa daga kan tebur, tana rawar sanyi.

"Yi musu, ɗana," ta ce. "Amma wannan karo kar ka cire rigan."