Tankin Feshin da Muka Aro daga Shanga

A bazarar nan ne injin rijiyar burtsatse ya ƙone a masaukin baƙin da maigidana ke kula wa da furanni, nan Yelwa. Tafki ma ya ja baya. Mai masaukin ya ce ruwan 'yan kura na baƙi ne, furanni su sha ragowa, kuma ranar da suka mutu aiki ya ƙare. Ka ji mutum. Da wannan aikin muke ci, mu da Inna, mahaifiyar maigidana.

Wani malamin gona ya ce a daka ɗanyen zogale, a tace, a sirka da ruwa, a fesa wa ganyen da yamma, za su fi jure ƙishi. Ni na yi dakan. Na tsige bishiyar gidanmu tas, Inna tana ta mita wai an hana ta kwaɗo saboda abin da ba a miya da shi.

Tankin feshi ne ba mu da shi. Ƙanen maigidana mai noman shinkafa a Shanga yana da biyu, na taki da na maganin ciyawa. Da aka je ba ya gida, matarsa ta miƙo wanda hannunta ya kai.

Na bi maigidan ina zuba masa ruwan zogalen a tankin. Ya kusa gama layukan sai na ji wani wari da ba na zogale ba. Na ajiye jarkata.

"Malam, tsaya. Ka wanke tankin nan?"

"Na ɗauraye."

"Da sabulu?"

Ya sauke tankin, ya kira ƙanen, waya ta ƙi shiga. Babu ruwan wanke ganyen, sai ɗan abin da ya rage a jarkata. Da hannu muka bi muna gogewa, ina masifa, wallahi tsoro ne.

Washegari furannin suna nan lafiya. Har ya yi dariya. Da azahar ƙanen ya kira, ina jin muryarsa daga inda nake.

"Yaya, wai shuɗin aka ba ka, na maganin ciyawa? Kada dai ka fesa."

Ganyen ya fara nannaɗewa a hankali, layi bayan layi. Kullum sai ya ɗauki ruwan randarmu a bayan keke ya kai musu. Na san ba za su tashi ba, shi ma ya sani, amma ban hana shi ba.

Wata Talata ya shigo gida rana tsaka, almakashin askin furanni a hannunsa. Inna ta ɗago daga tabarma.

"Yau da wuri?"

"E, Inna," in ji shi. "Gobe ma ina gida."