Karyar Bayan Madafa

Shekarar da mahaukacin kare ya ciji 'yar maƙwabciyata a hanyar famfo, akwai wata karya marar mai ita da ke kwanciya bayan madafata. Ban taɓa kai hannu jikinta ba. Ƙanzon tuwo nake jefa mata, ruwa kuma a wani fasasshen kasko da na ware dominta.

Yarinyar ta sha allurai, da ƙyar ta tashi. Sai ƙaramar hukuma ta sa aka yi shela: duk karen da ba shi da ubangida, ba a kuma yi masa allura a asibitin dabbobi ba, duba-gari za su ajiye masa nama mai guba. Ban ga laifinsu ba, domin na ga ƙafar yarinyar da idona. Amma sai na tuna da karyar bayan madafata.

Na roƙi maigidana ya ce karyar tamu ce.

Ya ce, "Kare a gidan da muke sallah? Ki ba ta abinci, Allah Ya ba ki lada. Amma ba zan faɗa wa hukuma abin da ba gaskiya ba."

Washegari wata dattijuwa da ke kawo mana doya daga Shabu ta tarar ina share hawaye. Da na ba ta labari sai ta fashe da dariya, ta ce da irin Hausarta:

"Amariya, kare ne kana kuka? Ni biri ya gama cinye masara na. Kawo igiya!"

Ta ɗaure ta a wuya, ta ja, karyar ta turje. Dole na yafa gyale na shiga gaba da ƙanzo a hannu, tana bina, har asibitin dabbobi. 'Yan unguwa suka yi ta kallon matar Malam tana jagorar kare.

Tun a ƙofar gida muka haɗu da uwar yarinyar. Ta daɗe tana duban karyar, sannan ta ce, "Maƙwabciya, in dai za a yi mata allurar, ku je. Amma kar ta dawo inda yara suke."

A asibitin aka yi wa karyar allurar, aka rataya mata ɗan ƙarfen shaida a wuya. Dattijuwar ta wuce da ita gona, ni kuma na juyo gida, la'asar ta kusa.